Indiyawan da suka bar gida da littattafan da suka rubuta: tambayoyi da amsoshi

Mu nan mun san Indiya ta allon sinima. Mun san waƙoƙinsu da kukansu da bukukuwan aurensu, yanzu har da bakinmu suke magana saboda fassara. Abin da ba mu cika sani ba shi ne miliyoyin Indiyawa sun bar ƙasarsu, wasu tun zamanin kakannin kakanni, kuma sun rubuta ƙagaggun labarai masu yawa kan abin da zaman baƙunta ya yi musu. Ga tambayoyin da aka fi yi mini duk sa'ad da na ɗauko zancen waɗannan littattafai.

Me ake nufi da adabin Indiyawa mazauna ƙetare?

Labarai ne da Indiyawa ko jikokinsu suka rubuta suna zaune a wata ƙasa, ko labaran da suka bi rayuwar irin waɗannan mutane. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2020 ta nuna kusan mutum miliyan 18 haifaffun Indiya suna zaune a waje, babu wata ƙasa da ta kai ta. Wannan adadi bai ma haɗa da zuriyar waɗanda suka fita tun ƙarni na 19 ba. A cikinsu akwai Hindu da Musulmi da Sikh da Kirista da Farsi (masu bin tsohon addinin ƙasar Farisa), akwai mai Bangali da mai Punjabi da mai Gujarati da mai Malayalam, waɗanda in ba don Turanci ko Hindi ba wani ba zai ji bakin wani ba. Shi ya sa nake gargaɗin mai karatu tun daga farko: kada ya karanta littafi ɗaya ya ce ya san su.

Yaya aka yi suka watsu haka a duniya?

Ba hanya ɗaya suka bi ba, kuma hanyar da mutum ya bi ita ke yanke irin labarin da jikansa zai rubuta.

Da Birtaniya ta haramta bauta a ƙasashen da take mulka a 1833, masu gonakin rake suka rasa hannu. Sai aka juya Indiya, aka riƙa ɗibar talakawa, yawanci daga Bihar da gabashin Uttar Pradesh da kudancin ƙasar, ana sa su dangwala hannu a takardar aikin shekara biyar. An fara kai su tsibirin Morishas a 1834, Giyana a 1838, Tirinidad a 1845, Natal ta Afirka ta Kudu a 1860, Fiji a 1879. Kafin a dakatar da ɗibar a 1917 mutum fiye da miliyan ɗaya sun ƙetare teku. Kalmar Turanci ta yarjejeniya, "agreement", ta yi wa bakinsu nauyi, suka mayar da ita "girmit", su kuma suka zama "girmitiya". Da yawansu ba su san nisan inda za a kai su ba, kuma mafi yawansu ba su sake ganin gida ba.

Hanya ta biyu ta Gabashin Afirka ce. 'Yan kasuwar Gujarat sun daɗe suna zuwa Zanzibar da Mombasa, sannan daga 1896 zuwa 1901 Turawa suka kawo lebura kusan 32,000 don shimfiɗa layin dogo daga Mombasa zuwa tafkin Biktoriya. Bayan yaƙin duniya na biyu masana'antun Ingila suka buƙaci ma'aikata, Punjabawa suka cika unguwanni irin su Southall a Landan. A 1965 Amurka ta sauya dokar shige da fice, ta buɗe ƙofa ga likitoci da injiniyoyi da ɗalibai. Daga shekarun 1970 kuma kuɗin man fetur ya ja mutanen jihar Kerala da wasunsu zuwa Saudiyya da Dubai da sauran ƙasashen Larabawa. Wanda ya sauka Boston da digiri a hannu da wanda aka zuba a cikin jirgin ruwa kamar buhu, duka baƙi ne, amma baƙuntarsu ba ta yi kama ba.

Jikokin masu saran rake, me suka rubuta?

Mafi shahara a cikinsu V. S. Naipaul ne, haifaffen Chaguanas a Tirinidad a 1932, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 2001. Littafinsa A House for Mr Biswas na 1961 ya gina shi ne kan rayuwar mahaifinsa. Mohun Biswas mutum ne da aka haifa da yatsu shida, aka ce ba alheri ba ne. Ya auri 'yar babban gidan Tulsi, ya tare a gidan surukai, inda ake ciyar da shi ana kuma raina shi. Burinsa ɗaya a duniya: ya mallaki gidan kansa. Ya gina, ya rushe; ya sake, wuta ta kusa cinye shi. A ƙarshe ya sayi wani gida mara inganci da bashi, ya mutu a cikinsa yana da shekara 46. Duk magidancin da ya taɓa zaman haya ko zaman alfarma a gidan dangin mata zai gane abin da ke cin Biswas. A gefen labarin kuma ana ganin al'adar Hindu tana sassaucewa a hankali: tsofaffi na Hindi, yara na amsawa da Turanci, ana addu'o'in da ma'anarsu ta fara ɓacewa, ana tura 'ya'ya makarantar mishan.

Amitav Ghosh ba jikan girmitiya ba ne, ɗan Kalkata ne, amma a Sea of Poppies na 2008 ya koma 1838 ya shiga cikin jirgin da kansa. A wancan zamani Hindu da yawa sun yi imani wanda ya ƙetare teku, abin da suke kira "kala pani", wato baƙin ruwa, ya rasa ajinsa na gado. A cikin ƙasan jirgin mai suna Ibis, mace 'yar babban aji da aka ceto ana shirin ƙona ta tare da gawar mijinta tana zaune da mai keken shanu ɗan ƙaramin aji da ya ceto ta, Hindu na kwana kusa da Musulmi, tukunya ɗaya ake ci. Sai suka ƙirƙiri sabon zumunci, suka kira juna 'yan uwan jirgi. A ganina nan ne cuɗanyar ta fara, kuma dole ce ta kawo ta. Kafin su haɗu da baƙar fata ko Bature, sai da Indiyawa suka fara cuɗanya da junansu ta yadda ba za ta taɓa yiwuwa a ƙauyukansu ba.

Me ya sa ake yawan ambaton littafin The Namesake?

Saboda Jhumpa Lahiri ta ɗauki abu ɗaya ƙarami, suna, ta rataya masa dukan nauyin baƙunta. An haife ta a Landan a 1967, iyayenta 'yan Bangal ne, ta girma a jihar Rhode Island. Littafinta na farko na gajerun labarai ya ci kyautar Pulitzer a 2000, wannan kuma ya fito a 2003.

A al'adar Bangal mutum yana da suna biyu: na gida, wanda dangi ke kiransa da shi, da na kirki, wanda ake rubutawa a takardu. Ashoke da Ashima Ganguli sun haifi ɗansu na fari a Cambridge ta jihar Massachusetts a 1968. Kakar Ashima ce ke da hakkin raɗa suna, ta kuma rubuto shi a wasiƙa daga Kalkata. Wasiƙar ba ta iso ba. Tsohuwar ta kwanta ciwo, sunan ya tafi ke nan. Asibiti kuwa ba ta sallamar jariri sai da suna a takardar haihuwa. Sai uban ya ba da sunan wucin gadi, Gogol, sunan marubucin Rasha da yake karantawa daren da jirgin ƙasa ya yi hatsari da shi yana saurayi, aka gano shi cikin baraguzai saboda shafin littafin da ya faɗo daga hannunsa. Sunan gida ya zama sunan makaranta. Yaron ya tashi yana ƙin sunan, don ba na Indiya ba ne ba na Amurka ba, har ya je kotu ya mayar da kansa Nikhil kafin ya shiga jami'a. Sai daga baya uban ya gaya masa dalilin sunan, a cikin mota, da dare.

Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Mun san sunan yanka, mun san laƙabin da kaka ke sa wa jika ya bi shi har tsufa. Akwai ma wani abu da ya tsaya mini a rai: Ashima ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, ko tana naƙuda. In za ta kira shi sai ta yi masa wata 'yar tambaya mai nufin ko yana jin ta. Haka iyayenmu mata suke, Malam ko Maigida ko "shi". Ɗanta kuwa yana soyayya da Ba'amurkiya wadda ke kiran iyayensa da sunansu kai tsaye ba tare da ta san ta yi wani abu ba. Lahiri ba ta ɗora wa kowa laifi. Tana nuna maka tazarar kawai, ta bar ka da ita.

To me ya sa kullum sai an shiga kicin a waɗannan littattafai?

Domin harshe na iya sauyawa, tufafi na iya sauyawa, amma maƙogwaro yana da taurin kai. Shafin farko na The Namesake a kicin yake. Ashima da tsohon ciki tana haɗa Rice Krispies da gyaɗar gwangwani da yankakkiyar albasa, ta zuba gishiri da lemon tsami da ɗanyen barkono, tana neman ɗanɗanon wani abin ƙwalama da ake sayarwa a bakin titin Kalkata cikin ƙunshin jarida. Man mastad ne babu. Ta ɗanɗana, ta ji da saura. Bayan shekaru iyalin sun koyi gasa talotalo a ranar bikin godiya ta Amurkawa, amma sai sun shafe shi da tafarnuwa da barkono da kayan ƙamshin gida.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Mrs. Sen, a littafinta na farko. Matar malamin jami'a ce, tana renon wani yaro Ba'amurke ɗan shekara 11 bayan an tashi makaranta. Kullum tana shimfiɗa jaridu a ƙasan falo, ta zauna, ta kafa wata lanƙwasasshiyar wuƙa mai gindin katako da ta zo da ita daga gida, tana yanka kayan miya. Ta gaya wa yaron cewa a gida in za a yi biki matan unguwa kan taru a kan soro da irin wannan wuƙa, su kwana suna yanka suna hira. Ta tambaye shi ko wani zai zo in ta kurma ihu a nan. Abu biyu ke faranta mata rai, wasiƙa daga gida da ɗanyen kifi cikakke da kansa. Kifin yana bakin teku, sai da mota, ita kuwa tuƙi na ba ta tsoro. Ranar da ta ɗaure ta ɗauki mota don kifin, ta yi karo. Ba wanda ya ji mummunan ciwo, amma an daina kawo mata yaron.

Sai dai akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa. Kamfanonin ɗab'i na Landan da New York sun gano cewa mangwaro da kayan yaji da sari suna sayar da littafi, aka yi ta fitar da labarai masu ƙamshin kori da ba su da komai a ciki. Ko The Mistress of Spices na Chitra Banerjee Divakaruni, na 1997, inda wata mai shago a Oakland ke warkar da baƙi da sirrin kayan yaji, ya sha wannan suka, kuma ina ganin sukar tana da tushe, duk da cewa marubuciyar ta yi rubutu mai nauyi kan matan da ake duka a gidajen aurensu a Amurka. Ma'aunina shi ne: in an cire abincin labarin ya rushe, to abincin na aiki. In an cire shi ba abin da ya ragu, ado ne don baƙon ido.

Dole ne baƙo ya watsar da al'adarsa kafin a karɓe shi?

A nan marubutan suka rabu. Bharati Mukherjee, wadda aka haifa a Kalkata a 1940 ta rasu a 2017, ta zauna Kanada ta ga wariya, ta koma Amurka a 1980, ta kuma dage cewa ita marubuciyar Amurka ce, ba ta son a liƙa mata wani suna a gaba. A littafinta Jasmine na 1989, yarinya daga ƙauyen Punjab mai suna Jyoti ta zama Jasmine a hannun mijinta, bayan an kashe shi ta shiga Amurka ba takardu, ta zama Jase a New York, ta zama Jane a jihar Iowa. Kowane suna sai an binne mai tsohon. Mukherjee na ganin wannan a matsayin ƙarfi, kuma tana cewa baƙon ma yana sauya ƙasar da ya shiga. Ina girmama jarumtar, amma ban gamsu ba. Saurin da Jyoti ke tuɓe kanta ya yi yawa, kamar mutum riga ne.

Rohinton Mistry, ɗan Farsi daga Bambai da ya koma Kanada a 1975, ya kalli abin ta wata fuska a wani gajeren labari cikin Tales from Firozsha Baag na 1987. Sarosh ya yi wa mahaifiyarsa da dangi alkawari cewa in bai zama cikakken ɗan Kanada cikin shekara 10 ba zai dawo. Ya mayar da sunansa Sid, ya koyi komai, sai abu ɗaya: ba ya iya biyan buƙata a masai na zama, sai ya hau ya tsuguna. Wannan ya sa yake makara a wurin aiki har ya rasa aikin. Labarin yana ba da dariya, amma in ka gama sai ka yi shiru. Jikinsa ya ƙi abin da bakinsa ya yi alkawari. Da ya dawo Bambai kuma ya tarar garin da ya bari babu shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

'Ya'yan da aka haifa a can fa?

Su ne jemagu, ba su cikin tsuntsaye ba su cikin dabbobi. A Amurka har laƙabi ake musu da haruffa huɗu, ABCD, ma'ana ɗan gida haifaffen Amurka da kansa ya ɗaure. Meera Syal a Anita and Me na 1996 ta ba da labarin Meena, 'yar Punjabawa a wani ƙauyen masu haƙar kwal a tsakiyar Ingila, wadda ke son ta zama kamar ƙawarta farar fata, har ranar da ta ji irin maganar da ƙawar da saurayinta ke yi kan masu launinta. Zuwan kakarta daga Indiya ne ya sa ta fara jin Punjabi a matsayin nata. Rikicin aure da na addini duk suna nan, amma abin da ya fi yawa shi ne kunya: yaro na jin kunyar lafazin mahaifiyarsa a gaban abokai, ya girma ya zo yana jin kunyar waccan kunyar.

Kamar dai duk labaran masu digiri ne. Talakawa ba su da marubuta?

Wannan tambaya ita ce mafi muhimmanci a wurina. Gaskiya ne littattafan da suka fi suna a shekarun 1990 na 'ya'yan malaman jami'a da likitoci ne, mutanen da ke da biza da albashi, abin da ke damunsu shi ne ko su wane ne. Akwai kuma waɗanda ba su da sukunin wannan tambayar.

Kiran Desai ta ci kyautar Booker a 2006 da The Inheritance of Loss. Biju ɗan kuku ne. Ubansa na dafa wa wani tsohon alƙali abinci a garin Kalimpong, gindin duwatsun Himalaya, yana alfahari a kasuwa cewa ɗansa na Amurka, mutane na kawo masa 'ya'yansu a taimaka musu. Biju kuwa bizarsa ta ƙare, yana yawo daga kicin ɗin ƙarƙashin ƙasa zuwa wani a New York, yana kwana da ɓeraye. Ya bar wani aiki don ba zai iya ci gaba da gasa naman saniya ba, ya koma gidan abincin ɗan ƙasarsu, wanda ya fi kowa tatsarsa. A kicin ɗin ya yi abota da wani Musulmi baƙar fata ɗan Zanzibar, abotar da ta tilasta masa duba ƙiyayyar da ya taso da ita. Cuɗanya ke nan ta ƙasan bene, wadda masu cin abinci a sama ba su san da ita ba.

Sunjeev Sahota, haifaffen Ingila, ya kai mu Sheffield a The Year of the Runaways na 2015, gida ɗaya cike da samari masu aikin gini a ɓoye. Ɗaya ya shigo da bizar ɗalibi da bashi a wuyansa, ɗaya da auren biza, ɗaya kuma, Tochi, ɗan Bihar ne daga cikin waɗanda a da ake ce ba a taɓa su, yana ɓoye asalinsa don ko a Ingila 'yan uwansa Indiyawa za su guje shi in sun sani. Sun ƙetare teku, ajin gado ya biyo su.

Wanda zai fi kusa da zuciyar mai karatu a nan shi ne Aadujeevitham, wato rayuwar awaki, da Benyamin ya rubuta da Malayalam a 2008 yana zaune a Bahrain, bisa labarin wani mutum na gaske. Najeeb Musulmi ne ɗan Kerala mai haƙar yashi a kogi. Ya ci bashi ya sayi bizar aiki, ya bar matarsa da ciki, ya sauka Riyad. Wani ya ɗauke shi daga filin jirgi ya kai shi tsakiyar hamada kiwon awaki. Mutumin da ya tashi cikin ruwa aka hana shi ko na tsarki. Fiye da shekara uku ba albashi, ba abokin magana sai awakin, har ya raɗa musu sunayen mutanen garinsu. Wani ɗan Somaliya ne ya ja shi suka tsere, ya ƙare da miƙa kansa ga 'yan sanda don kurkuku ta fi masa sauƙi. Unguwannimu ba su rasa wadda ta tafi aikatau ƙasar Larabawa ta hannun dillali, aka karɓe fasfonta. Wannan littafi ya kamata wani ya fassara shi zuwa Hausa.

Akwai Afirka a cikin wannan adabi?

Akwai, kuma a nan ne labarin ya fi ɗaci, domin Ba'indiye a Gabashin Afirka ba a ƙasa yake ba. Turawa sun ajiye shi a tsakiya, ƙasa da fari, sama da baƙi, ga shago ga aikin akawu. M. G. Vassanji, haifaffen Nairobi a 1950 wanda ya girma a Tanzaniya, bai ɓoye wannan ba. A The Gunny Sack na 1989 mai ba da labarin ya gaji wani buhu cike da tarkacen iyali, daga ciki yake zaro tarihin kakan mahaifinsa da ya zo daga Gujarat ya haihu da wata baiwa 'yar Afirka, jinin da dangi suka so a manta. A The In-Between World of Vikram Lall na 2003, ƙanwar Vikram na son abokinsu na ƙuruciya ɗan Kikuyu, uwarsu ta tsaya kai da fata ta hana. Wanda ake wa wariya a Landan shi ke yin ta a Nairobi.

A watan Agustan 1972 Idi Amin ya ba Indiyawan Yuganda kwana 90 su fice. Kimanin 28,000 sun nufi Birtaniya, hukumar birnin Leicester har talla ta buga a jaridar Yuganda tana cewa kada su zo. Da yawansu ba su taɓa taka Indiya ba. Naipaul ma ya rubuta A Bend in the River a 1979 kan wani ɗan kasuwa Ba'indiye Musulmi a tsakiyar Afirka. Alƙalaminsa kaifi gare shi, amma kallon raini da yake wa 'yan Afirka yana ci mini rai, kuma ba zan ɓoye ba.

Mu ma mun zauna da su. A sakandaren da na yi, wata 'yar Kerala ce ta koya mana lissafi. Ina tuna ta da sanyin hunturu, sari a jiki, rigar sanyi a sama, ƙafa duk ta yi furu-furu kamar tamu, tana cewa "sannu" da wani irin lanƙwasa. Ba mu taɓa tunanin tana da uwa a wani wuri da take jiran wasiƙarta ba. Sai da na karanta labarin Mrs. Sen, bayan shekaru, na tuna da ita na ji wani abu ya tokare ni.

Ina Salman Rushdie a cikin wannan zance?

An haife shi a Bambai a 1947 a gidan Musulmi, aka kai shi karatu Ingila yana yaro. Midnight's Children ya ci Booker a 1981 ya kuma buɗe wa marubutan Indiya kasuwa. Littafinsa na 1988 kuwa ya taɓa martabar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɓata ran Musulmin duniya. Indiya ta hana shigo da shi a shekarar, Ayatullahi Khumaini ya yi fatawa a kansa a Fabrairun 1989. Ɓacin ran nan nawa ne ni ma, kuma ba na tura kowa ga wannan littafi. Abin da nake roƙo shi ne kada sunan mutum ɗaya ya rufe mana ƙofar ɗaruruwan marubuta da ba ruwansu da abin da ya yi.

Da wane harshe suke rubutu?

Waɗanda duniya ta sani da Turanci suke yi, kuma wannan kansa wani ɓangare ne na labarin. Amma Turancin ba iri ɗaya ba ne. Sam Selvon, ɗan Tirinidad mai jinin Indiya, ya rubuta The Lonely Londoners a 1956 da Turancin tsibiransu, ba na makaranta ba. Ghosh ya cika jirginsa da Bhojpuri da yaren ma'aikatan jirgi. Abhimanyu Unnuth na Morishas da Hindi ya rubuta Lal Pasina, wato jan gumi, kan masu aikin rake. Lahiri kuwa ta yi abin da ya ba kowa mamaki: ta koma birnin Rum a 2012 ta fara rubutu da Italiyanci, harshen da ba na uwarta ba kuma ba na makarantarta ba.

Da me suka bambanta da finafinan da muka sani?

Fim na kallon mazauna ƙetare daga gida. A Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 uba na ciyar da tattabaru a Landan zuciyarsa na Punjab, ƙarshe kuma soyayya da al'ada suka sasanta. Littattafan daga can ake rubuta su, kuma ba su cika sasantawa ba. Gogol ya auri 'yar Bangal kamar yadda uwarsa ta so, auren bai yi ƙarko ba.

A ƙarshe suna komawa gida?

Kaɗan ne, kuma ba kamar yadda suka zata ba. Bayan rasuwar mijinta Ashima ta sayar da gidan, ta yanke shawarar yin wata shida a Kalkata, wata shida a Amurka wurin 'ya'yanta da ƙawaye. Shekara fiye da talatin tana kewar Indiya, daren walimarta ta ƙarshe sai ga ta tana kuka don za ta bar gidan da ta zauna da mijinta. Gogol ya hau tsohon ɗakinsa ya ci karo da littafin da uban ya ba shi yana shekara 14, wanda bai taɓa karantawa ba, ya zauna ya fara karantawa baƙi na hayaniya a ƙasa.

Biju shi ma ya koma. Ya tattara abin da ya tara ya sayi tsaraba, ya sauka a lokacin da 'yan tawayen Gorkha masu neman a ba su jiharsu suka rufe hanyoyin Kalimpong. Waɗanda suka ɗauke shi a mota suka tsaya a daji suka ƙwace akwatunan, da kuɗin da ya ɓoye a takalmi, da kayan jikinsa, suka jefa masa rigar barcin mata. Da ita ya taka cikin duhu, ƙafa na ciwo, karnuka na binsa, har ƙofar gidan alƙali. Da asuba aka ji ana girgiza ƙyauren. Kukun ya fito yana jan ƙafa don ya ga ko wane ne, ya hango wani kamar tsohuwa a tsaye, sai ya ji an ce Baba.